Wa Ya Ƙwace Daren Aku a Kakangi?

Duk dattijon da ya taɓa zama a benci a firamaren Kakangi, ko ta wani ƙauye a ƙasar Birnin Gwari, in ka tambaye shi littafin da ya fara shiga ransa, da wuya bai ce Magana Jari Ce ba. Ƙara masa tambaya guda: nasa ne? Nan zai yi dariya. Na malam ne, ko na wani wansa da ya zo hutu daga makarantar kwana, bango ya yage an liƙe da tuwo, shafin farko da na ƙarshe sun daɗe da yin nasu wuri. Bayan isha'i a baje tabarma a ƙofar gida, a kunna fitilar ƙwai, yaro guda mai bakin karatu ya riƙe littafin, saura su kasa kunne. In ya yi tuntuɓe a wata kalma, wani tsoho da bai san ko bihim a boko ba shi zai gyara masa, don ya ji labarin ya fi sau goma.

Ke nan abin da muke kuka a kansa da sunan al'adar karatu, a karkara rabinsa al'adar sauraro ce. Masu iya haɗa baƙi ba su da yawa, 'yan mata kuwa sai ɗai-ɗai, amma littafi guda yakan ciyar da unguwa.

Waɗanda suka rubuta littattafan sun san haka, kuma maƙwabtanmu ne. An haifi Abubakar Imam a 1911 a Kagara, wadda ke kan hanyar da ta tashi daga Birnin Gwari ta ratsa Pandogari zuwa Tegina. Shi da wansa Malam Bello Kagara duk sun shiga gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, tare da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dubi yadda aka gina su. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ne zaune a Kwantagora yana zuba wa Koje Sarkin Labari abin da ya gano. A Magana Jari Ce, wadda ta fito a juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, sarki ya tafi yaƙi, waziri ya ƙulla makircin fitar da ɗan sarki Musa daga gida, aku kuma ya yi ta jan sa da labari dare bayan dare har gari ya waye bai fita ba. Kowane labari tsawonsa daidai zama ɗaya ne, daidai kananzir ɗin fitila. Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, wasu ma na ganin ya cika aro, amma ni a ganina gwanintarsa na nan inda ya sa rubutu ya zauna a kujerar da gizo da ƙoƙi suka ɗumama. Jimlarsa ta baki ce. Karanta ta a zuci, ka rasa rabin daɗinta.

Littafi kuwa ba ya tsirowa a gona. Sai da aka yi jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka yi hukumar adabi ta NORLA da azuzuwan yaƙi da jahilci a shekarun 1950, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966, kafin su Iliya Ɗan Maiƙarfi su riƙa isowa ƙauye a cikin akwatin malami. Shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, ko da yake ya fi samar da ɗalibai bisa ƙwararrun malamai. Daga baya littattafan soyayya na Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da na Balaraba Ramat Yakubu, suka shigo ta hannun masu haya, suka kai karatu cikin ɗakunan mata, wurin da hukuma ba ta taɓa kai shi ba. An zage su iya zagi. Allah kaɗai ya san matan da suka riƙe karatunsu albarkacinsu.

Yau in an zo maganar lalacewar karatu, sai kowa ya nuna waya da yatsa. A Kano ko Kaduna ana iya yin wannan musu. A nan, bai kama hanya ba. Gaskiya ne rufin ya daɗe yana yoyo: a 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. To amma dubi 2021 kawai. A watan Fabrairu 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Kagara, mahaifar Imam. A Maris aka shiga firamaren Rama a nan Birnin Gwari aka tafi da malamai uku. A ƙarshen Mayu aka tattara yaran Islamiyya fiye da ɗari a Tegina, wasunsu ko wankan kansu ba su iya ba. Kafin shekarar ta fita, an ma katse layukan waya a yankin na kusan wata biyu, ga dokar hana babura da cin kasuwannin mako. Sai kuma satar ɗaliban Kuriga a Maris 2024, a bakin titin Kaduna zuwa Birnin Gwari. Malamin da aka turo daga Zariya zai zo da akwatin littafi, ko zai nemi canjin wurin aiki? Yaron da aka rufe ajinsu shekara biyu, in ya waiwaya, ramin haƙar zinare ya fi allo kusa.

Ƙishin labari dai bai mutu ba. 'Yan mata na tura wa juna littattafan da aka karanta aka naɗa a waya, su saurara suna tankaɗe. Sauraro ne irin na da, sai dai a tsohon zama mai karatun ɗan unguwa ne, kuma ƙaninsa na leƙa shafin ta kafaɗarsa yana kwaɗayin ranar da za a miƙo masa. Muryar da ke cikin waya ba ta da kafaɗa.

Tun bayan sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, motoci sun dawo hanya, manoma sun koma gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba. Dare ne bai gama dawowa ba. Yaran da suka tashi a waɗannan shekaru sun saba da magariba na yi a ja ƙyaure, uwa ta zama ita ce aku, tana lallashin ɗa kada ya leƙa waje, a duhu, da murya ƙasa-ƙasa, don hasken fitila yakan nuna wa na daji gidan da ke da mutane.