Wai "caji mai kyau" da "caji mara kyau"?

Jama'a, wannan fassarar ta fara yawa a rubuce-rubucen kimiyya da ake yaɗawa da Hausa: wai furoton na ɗauke da "caji mai kyau", ilektiron kuma "caji mara kyau". An ɗauko ma'anar positive da negative ta zancen hali da ɗabi'a, aka liƙa wa lantarki. To laifin me ilektiron ya yi? Shi ne fa yake gudu cikin wayar tagulla har ƙwan ɗakinka ya kama.

Benjamin Franklin na Amurka ne ya raɗa sunayen nan wajen 1747, kuma lissafi yake nufi. A zatonsa lantarki abu ɗaya ne mai kwarara, wani jiki ya samu rara, wani ya samu giɓi. Sai a 1897 J. J. Thomson ya gano ilektiron a Ingila, daga baya aka fahimci ɓangaren da Franklin ya ɗauka mai giɓi ne ke da rarar ilektiron. Shi ya sa "rara" da "giɓi" ma, duk da daɗinsu a kunne, ba za su fisshe mu ba.

Kuma abin ya wuce gardamar kalma. Ka ce wa yaron shago wannan ƙafar "mara kyau" ce, me kake so ya fahimta? Ta lalace? Ita ce mai haɗari? Alhali abin da yake buƙata shi ne sanin gefe. Kwandansa irin mai kamar 'yar gwangwani, idan aka juya ƙafafunta tana iya kumbura ko ta fashe. Zanen da ke jikinta yana nuna ƙafar (−). Dayod ta hanya ɗaya kawai take barin wuta ta wuce, ƙaramin ƙwan LED kuwa doguwar ƙafarsa ce (+). Razista kam babu ruwanta, duk yadda ka sa ta daidai ne.

Tun firamare muna da tarawa da ɗebewa. A ce "caji mai alamar tarawa" da "caji mai alamar ɗebewa". Ya ɗan yi tsawo, na sani, amma abin da ido ke gani a jikin batir ke nan. Ita kalmar "caji" a bar ta, ta riga ta zauna, daga cajin waya har caji ofis. Bakanike ma da yake cewa jar waya da baƙar waya ya fi mai fassarar nan kusa da gaskiya.