PlayBook da iPad 2: Baƙon da ba ya ciniki sai da maigida

 Wata ranar Juma'a a 2011, bayan an sauko daga masallaci, wani ƙanena ɗan canji ya tare ni a bakin layi, BlackBerry a hannu kamar kullum. Ya ce, "Yaya, don Allah ka raba mini gardama. Ubangidana zai dawo daga Amurka ƙarshen wata, ya ce in faɗi abin da zai riƙo mini, ni zan biya. iPad zan ce ko wannan sabuwar ta BlackBerry?" Na ce nawa ka tara? Da ya faɗa mini, sai na gane kuɗin da ya kwashe kusan shekara yana zubi a adashi ne. Shi ya sa ban ba shi amsa a tsaye ba. Na nemi aron PlayBook wajen wani abokina da ya shigo da ita, na riƙe ta kwana biyu tare da iPad 2, kuma ga abin da na gani. Na san ba shi kaɗai ke wannan tambayar ba, daga nan har Mokola.

Ga wanda bai bi labarin ba, abin da muke magana a kai shi ne kwamfutar allo, wato gilashi ne shafal kamar allon makaranta, babu madannai, da yatsa ake sarrafa shi. Kamfanin Apple ne ya buɗe wannan kasuwa da iPad a watan Afrilun 2010, kuma kafin shekarar ta ƙare ya sayar da kusan miliyan 15. A watan Maris na 2011, ya fito da ta biyu, iPad 2. Shi kuma kamfanin RIM na ƙasar Kanada, mai BlackBerry, tun watan Satumban 2010 ya sanar da tasa mai suna PlayBook, amma ba ta shiga shaguna ba sai 19 ga Afrilun 2011, a Amurka da Kanada. A lokacin, farashin ƙaramarsu, mai ma'adanar gigabayit 16, dala 499 ne. Daidai da na ƙaramar iPad 2, ko sisi ba a rage ba. Wato RIM bai zo neman rangwame ba. Cewa yake yi kayana da na Apple sa'o'in juna ne. To mu duba ko haka ne.

A fara da yabo, domin akwai abin yabo. PlayBook ƙarama ce, inci 7, nauyinta giram 425. Tana shiga aljihun babbar riga ba tare da kowa ya sani ba. Ita iPad 2 inci 9.7 ce, nauyinta ya ɗan haura giram 600, dole sai da jaka ko a rungume ta a hammata kamar ɗan makaranta. Shugaban Apple na lokacin, Steve Jobs, ya yi wa allunan inci 7 ba'a a 2010, ya ce ba za su yi rai a kasuwa ba, wai sai mutum ya kankare yatsunsa kafin ya iya taɓa abin da ke kansu. Ni dai ban ga haka ba. Ga mutumin da yininsa a tsaye yake a bakin titi, ko mai hawa acaba daga Sabo zuwa Dugbe sau uku a rana, ƙanƙantar nan alheri ce. Abin da ba a gani a hannunka ba a fizge shi.

Kyamararta ma ta fi. Ta baya megafiksel 5 ce, ta gaba 3, kuma tana ɗaukar bidiyo tangaran. Kyamarar bayan iPad 2 ko megafiksel 1 ba ta kai ba, hoton da take ɗauka bai fi na ƙaramar waya ba, abin kunya ga kaya mai wannan tsada. Sannan PlayBook tana da ƙwaƙwalwar aiki gigabayit 1, ninki biyu na ta iPad 2, kuma ana ganin amfaninta: kana iya barin bidiyo yana tafiya, ka ja yatsa daga gefen gilashin ka koma wani aikin, ka dawo ka tarar bai tsaya ba. Tana da kafar da ake haɗa ta da talabijin kai tsaye, ita kuwa iPad sai ka sayi wata mahaɗa daban. Tana kuma buɗe shafukan intanet masu amfani da Flash, waɗanda Apple ya ƙi yarda da su sam. In dai jikin na'ura ake magana, wallahi RIM bai yi wasa ba.

To ina matsalar? Ga ta nan, kuma ba ƙarama ba ce. Me ya sa mutanenmu suke sayen BlackBerry a lokacin? Abu biyu ne: BBM da imel. Babu wanda ya saye ta don kyamara. Ɗan canji yana tura wa abokin cinikinsa na Legas farashin dala ta BBM. Mai goro yana jin labarin motar da ta taso ta BBM. 'Yan mata da samari kuwa ba a magana, "ba ni fin ɗinka" ta zama gaisuwa. Amma PlayBook, allon da BlackBerry ya ƙera da kansa, ta fito kasuwa ba ta da manhajar imel tata ta kanta, ba ta da kalanda, ba ta da littafin lambobin mutane, ba ta da BBM nata. A lokacin, in kana son waɗannan, sai ka haɗa ta da wayarka ta BlackBerry ta hanyar Bluetooth, da wata manhaja da suke kira Bridge. A lokacin ne saƙonnin da ke cikin wayar za su bayyana a kan allon. Da zarar wayar ta yi nisa, ko batirinta ya mutu, shi ke nan, ƙofar ta rufe. Abin da ya rage maka shi ne ka shiga Yahoo ko Gmail ta shafin intanet, kamar a kafe.

Mu 'yan Sabo mun san irin wannan zama. Baƙo ne ya zo daga Arewa da shanu masu kyau, amma bai san gari ba, bai san mahauta ba, ba mai ba shi amana. Dole ya sauka gidan maigida, maigida ne zai yi masa magana, shi zai tsaya masa. In maigida ba ya nan, ciniki ya tsaya komai kyan shanun. PlayBook ita ce baƙon, wayarka ce maigida. Ita iPad kuwa 'yar gari ce, imel ɗinta da kalandarta da lambobinta duk a jikinta suke.

RIM ya ce da gangan ya yi haka, don tsaro: tunda ba a ajiye saƙonnin a cikin allon, in an sace shi ɓarawo bai samu sirrinka ba. Maganar tana da ma'ana ga banki ko ma'aikatar gwamnati. Amma kamfanin da kansa ya yi alƙawarin zai ƙara manhajar imel nan gaba, wanda ke nuna shi ma ya san giɓi ne. Gaskiyar magana, babbar manhajar da ke tafiyar da PlayBook sabuwa ce a wajensu, QNX sunanta, a 2010 suka sayi kamfanin da ke yin ta, kuma ba su gama ɗaura mata kayan BlackBerry ba iPad 2 ta fito. Sai suka yi sauri. A watan Mayun 2011 ma sai da suka janye kusan guda 1,000 saboda an loda musu manhaja mai tangarɗa. Sauri ya haifi nawa.

Sai dai a yi adalci, wannan aibin bai kai a nan yadda ya kai a Amurka ba. Can wanda ba shi da BlackBerry in ya sayi PlayBook ya sayi rabin kaya. Nan kuwa a lokacin duk mai tunanin sayenta, da wuya ka ga ba shi da BlackBerry a aljihu, ko da Curve ce ta hannu. Har ma akwai riba: ta hanyar Bridge kana iya shiga intanet a kan allon da kuɗin watan da ka riga ka biya na wayarka. Ga wanda ya san tsadar intanet a ƙasar nan, wannan ba abin rainawa ba ne. Amma ka sani kana ɗora wa batirin wayar aiki biyu, a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama.

Kuma ka lura, PlayBook ɗin da ke kasuwa a 2011 ba ta da wurin sa layin waya ko kaɗan. In ba waifai ba, sai dai ta jingina da waya. Ranar farko ma ba za ta fara aiki ba sai an haɗa ta da waifai ta sauko da sabuwar manhaja. Gidaje nawa ne a Sabo suke da waifai? Ita iPad 2 tana da samfurin da ake sa wa layi, daga dala 629 a lokacin. Ƙaramin sim take ɗauka, yaran da ke gyaran waya sun iya yanke naka ya shiga. Amma a nan akwai tarko ga mai aike Amurka: akwai samfurin kamfanin Verizon, wanda ba shi da ramin sim gaba ɗaya. In aka kawo maka wannan, ka yi asarar ƙarin kuɗin da ka biya. Ka ja wa ɗan aikenka kunne tun kafin ya shiga shago.

Sai maganar manhajoji, inda nan ne tazarar ta fi yawa. Allo ba komai ba ne sai abin da aka rubuta a kansa. Ranar da aka gabatar da iPad 2, Apple ya ce akwai manhajoji 65,000 da aka yi musamman don iPad, ban da dubban ɗaruruwan na iPhone da su ma suke aiki a kanta. PlayBook ta fito da kimanin 3,000. Mai neman Alƙur'ani da tafsiri, mai neman ƙamus, mai neman abin lissafin shago, ɗalibin jami'a mai neman littattafai, yaro mai neman wasa, duk a rumbun Apple za su fi samun zaɓi. Manhajojin da ke cikin wayarka ta BlackBerry ma ba sa aiki a PlayBook, tunda babbar manhajarsu ba ɗaya ba ce. RIM ya ce zai kawo hanyar da manhajojin Android za su yi aiki a kanta. A lokacin shi ma wannan alƙawari ne, bai iso ba. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, kuma Apple ya riga su da shekara guda cur.

Kada a ɗauka ina cewa iPad ba ta da laifi. Tana da shi. A lokacin, kafin ta fara aiki sai ka jona ta da kwamfuta mai iTunes, kuma ta nan za ka riƙa zuba mata karatu da waƙoƙi, ba a tura mata ta Bluetooth yadda muka saba yi tsakaninmu. Cajarta ta daban ce, in ta ɓata ba za ka ari ta maƙwabci mai Nokia ba. Apple ba shi da shagonsa na kansa a Najeriya, in gilashi ya fashe sai ka kama hanyar Ikeja kana addu'a. Dukansu biyun ba su da wurin sa katin memori, kuma babu wadda ta tanadi haruffanmu masu lanƙwasa a madannanta, ka rubuta ƙasa ta fito kasa. Amma batirin iPad 2 yana kai awa 10, ya fi na PlayBook jurewa, kuma ranar da ka matsu ka kai ta kasuwa, kowa ya san sunanta, za ka samu mai saye nan take. Ɗan kasuwa ba ya sayen abu bai yi tunanin ranar sayarwa ba.

Yanzu a dawo kan kuɗi. Dala 499, a canjin 2011 na Naira 150 da 'yan kai, ta haura Naira 75,000, tun kafin mai kawowa ya ɗora nasa. Mafi ƙarancin albashin da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a watan Maris na 2011 Naira 18,000 ne. Ka ga albashin wata huɗu ke nan da ɗoriya. Da irin wannan kuɗi ba a cinikin biri a sama. Wanda ya sayi iPad 2 a lokacin ya biya kuɗin abin da ke hannunsa. Wanda ya sayi PlayBook a lokacin ya biya kuɗin na'ura mai kyau da jerin alƙawura: imel na zuwa, manhajojin Android na zuwa, mai layi na zuwa. In da RIM ya sa ta a dala 300, da sai in ce a rage tsanani, araha tana rufe aibi. A farashi ɗaya da iPad kuwa, ba ta kai ba a lokacin.

Amsar da na ba ƙanena ita ce: in dole sai ka saya a watan nan, ka ce a kawo iPad 2 mai ramin sim. In kuma ranka na kan PlayBook saboda ƙanƙantarta da BBM, ka riƙe kuɗinka zuwa bayan babbar sallah, ka ga ko an cika alƙawuran, ka ga ko farashi ya sauko. Na kuma tambaye shi abin da nake so kowane saurayi a unguwar nan ya tambayi kansa: wane aiki ne kake yi a yau da wayar hannunka ta kasa yi maka? Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce, "Yaya, gaskiya kallon ƙwallo ne." Na ce to gidan kallo na nan, kuɗin shiga bai kai na katin waya ba. Kuɗin adashin kuma a ƙara a jari.

Allah Ya sa mu dace, Ya yi wa nemanmu albarka.