Rijiyar Kusugu: Wane Bayajidda Ake Tallata wa Baƙi?

Duk mai son tallata Daura ga masu yawon buɗe ido da rijiyar Kusugu yake farawa, kuma yana da hujja. Garuruwa da yawa suna da fada da ganuwa, amma kaɗan ne suke da labarin da yaro zai iya maimaitawa daga ji ɗaya: baƙo ya taso daga Bagadaza, ya tarar maciji mai suna Sarki ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, ya sare kansa, ya auri Sarauniya Daurama. Iyakar abin da ake yankowa ke nan a gajerun bidiyoyin Facebook da TikTok. An matse labarin har ya koma kamar hoton da aka yi ta turawa a WhatsApp: ana gane fuskar, amma ƙananan layukan duk sun dushe.

Abu na farko da ya dushe shi ne mata. A cikakken labarin, Bayajidda ya gudo daga Borno da 'yar Mai, ya bar ta a Garun Gabas inda ta haifi Biram. Tsohuwa Ayana ce ta sauke shi a Daura, ita ta faɗa masa dokar rijiyar. Daurama kuwa ya same ta ne a kan gadon mulki, bayan jerin sarauniyoyin da suka gabace ta. Sannan ga kuyangar da ta ba shi, Bagwariya, wadda ta haifi ɗa ta sa masa Karɓagari. Da Daurama ta haifi nata, sai ta mayar da martani ta sa masa Bawo, wato a dawo da garin. Mata biyu suna jifan juna da habaici ta sunan jarirai, alhali sarautar ƙasa ake magana. Wannan wurin ya fi saran maciji daɗi da zurfi, kuma shi ake fara zubarwa.

Na biyu shi ne kalmar da kowa ke kauce wa. Daga Bawo da Biram aka samo Hausa Bakwai, daga Karɓagari kuma aka ce an samo Banza Bakwai, jerin da ake sa Kebbi da Zamfara da Nupe da Yawuri a ciki. Baƙon da ya taso daga Bida ko Argungu ya san wannan kalma tun kafin ya iso. In aka tsallake ta, ya gane ana rufa-rufa. In aka furta ta ba bayani, an zage shi da kuɗin motarsa. Abin da ya dace a gaya masa shi ne, labarin asali yakan ɗauki muryar fadar da ta adana shi, kuma ko jerin sunayen ma ya bambanta daga mai ruwaya zuwa mai ruwaya.

Na uku, ana gabatar da labarin kamar tabbataccen tarihi mai baki ɗaya. A Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a wajajen 1812, Bawo bawan Sarkin Borno ne. Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, a 1970, ya nuna shakkarsa cewa zuwan baƙo ɗaya ne ya kafa daulolin Hausa. Masu talla suna tsoron irin wannan saɓani zai rage wa rijiyar kwarjini. Birnin Verona na Italiya ya nuna akasin haka: Juliet ta wasan Shakespeare ce, barandar da ake dangantawa da ita ma a shekarun 1930 aka maƙala wa gidan, kuma sanin hakan bai hana jama'a cika farfajiyar ba. Daura ta fi ƙarfin hujja, don rijiyarta tana nan, masarautarta tana nan, ana kuma Sallar Gani duk shekara.

Saboda haka mai zagayawa da baƙi ya ƙara minti goma. Ya kira Ayana da Bagwariya da sunansu, ya faɗi abin da Bello ya rubuta, ya bar baƙo ya yi gardama. Wanda aka ba saran maciji kawai, hoto zai ɗauka ya koma mota. Wanda aka ba rigimar Karɓagari da Bawo zai nemi wanda zai ƙarasa masa, kuma mai neman ƙarashen labari shi ke kwana a gari.