Jinjina Ga Sistoci Likitoci

Tun da Fadar Vatican ta halatta wa mata masu zuhudu aikin tiyata da na ungozoma a 1936, kana Mary Martin, 'yar ƙasar Ailan, ta kafa ƙungiyar Medical Missionaries of Mary a Nijeriya a 1937, sistocin nan na Katolika suka ɗauki neman ilmin likitanci a jami'a tamkar ibada, suna haɗa addu'ar asuba da kwanan zaune a kan majinyata. A Itam da ke Nijeriya, inda Dakta Ann Ward, ɗaya daga cikin sistocin, ta shafe shekaru tana yi wa masu yoyon fitsari aiki, mata da dama sun sami waraka bayan sun yanke ƙauna. Haƙiƙa ilmin da ya haɗu da ikhlasi ya cancanci jinjina. Allah ya saka musu da alheri.