Jinjina Ga Masu Hawan Dutse Don Agaji

Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya tsayinsa mita 5,895 ne, hawa da sauka kan ci kwana biyar zuwa tara, ga sanyi ga ƙarancin iska. Amma akwai masu jure wannan wahala don 'yan uwa da abokai su tara musu gudummawa, su miƙa wa ƙungiyoyin agaji.

Mutumin unguwar PK5 a birnin Bangui ya san darajar irin wannan gudummawa ta taro da sisi. A rikicin 2014, da jama'a suka fake a harabar Babban Masallaci, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, wadda akasarin kuɗinta daga aljihun ɗaiɗaikun mutane yake fitowa, suna duba majinyata a asibitin Mamadou M'Baïki. Masu hawan dutse, sannunku da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri.