Wanda Ya Rage Shi Ke Ba Da Labari

A labaran birni da marubuta baƙar fata na Amurka ke rubutawa kan matasansu, yara biyu ko huɗu ne kan tashi a layi ɗaya, su yi wasan ƙasa tare, amma ɗaya ne kawai kan kai ƙarshen littafi da bakin magana. Wani harsashi ya ɗauke shi, wani yana gidan yari, wani kuma yana nan da ransa amma amana ta riga ta mutu. Saboda haka nauyin da abota ke ɗora wa yaro a wannan adabi shi ne na shaida: me zai faɗa game da abokinsa a ranar da abokin ba zai iya kare kansa ba?

Unguwannin da labaran ke faruwa suna da tarihi. Tsakanin 1916 da 1970, baƙar fata kusan miliyan shida suka baro kudancin Amurka, suna gudun wariyar launin fata, suka cunkushe a wasu unguwanni na Shikago, Detroit da New York. Daga irin waɗannan layuka Donald Goines ya fito, ya rubuta rayuwar 'yan ƙwaya da 'yan daba har aka harbe shi a yankin Detroit a 1974. Daga baya Teri Woods ta riƙa sayar da True to the Game daga but ɗin motarta. Manazarta sun daɗe suna yi wa irin waɗannan littattafai kallon hadarin kaji, kamar dai yadda aka taɓa yi wa littattafan kasuwar Kano, alhali masu karatu na rububinsu. Sai dai kuɗi da bindiga ne suka fi cika su. Walter Dean Myers na cikin waɗanda suka karkatar da alƙalami zuwa ga yaron kansa: a Monster na 1999, Steve Harmon ɗan shekara 16 daga Harlem yana gaban kotu kan zargin kisa, kuma cikin masu ba da shaida a kansa har da yaron unguwarsu.

Angie Thomas ta ɗauki wannan zare a The Hate U Give, wanda ya fito a 2017, kuma kisan Oscar Grant da ɗan sanda ya yi a Oakland a 2009 ne ya fara zaburar da ita. Starr, jarumar labarin, tana cikin mota lokacin da ɗan sanda ya harbe Khalil, abokinta tun yarinta. Masu sharhi sun fi ambaton zanga-zangar da ta biyo baya. Ni wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda Starr, a makarantar masu hannu da shuni da take zuwa, ta musanta cewa ta san Khalil, don kafafen labarai sun riga sun liƙa masa sunan dillalin ƙwaya. Yarinyar da ta ga jininsa da idonta ce ta ji nauyin ambaton sunansa. Duk abin da ta yi daga baya, har da tsayawa ba da shaida, ƙoƙari ne na wanke wannan musu guda ɗaya. Marubuciyar ta san cewa yaro mai rayuwa a duniya biyu, unguwar talakawa da dare, makarantar Turawa da rana, yakan sayi karɓuwa a ɗaya da kuɗin cin amanar ɗayar.

Jason Reynolds kuwa, a Long Way Down, shi ma na 2017, ya nuna inda shiru ya zama doka. An kashe yayan Will, jarumin labarin, ƙa'idar layinsu kuma ita ce ba kuka, ba kai ƙara, sai ramuwa. Labarin, wanda aka tsara a baitoci, yana faruwa cikin kusan minti ɗaya a na'urar hawa bene, matattu na shigowa ɗaya bayan ɗaya, har da Dani, ƙawarsa da harsashi ya samu suna wasa.

Amma a ganina Another Brooklyn na Jacqueline Woodson, na 2016, ya fi su zurfi, domin bai jingina da ƙarar bindiga ba. 'Yan mata huɗu ne a Bushwick a shekarun 1970: August, Sylvia, Angela da Gigi. Suna tafiya kafaɗa da kafaɗa don mazan layi su ji shakkarsu, suna yi wa juna kitso, suna riƙe wa juna sirrin da iyaye ba su da sukunin ji. Abin da ya wargaza su ya zo a hankali: saurayi, burin iyaye, uwar da ta rasu aka kasa yarda ta rasu, sai Gigi da ta kashe kanta a lokacin da ƙawayen suka riga suka yi nisa da ita. Wannan ya fi kama da yadda yawancin abota ke ƙarewa, kuma ina fargabar cewa kasuwar littafi ta fi son labarin yaron da aka harbe fiye da na yarinyar da aka manta.

Bayan shekaru, August ta dawo Brooklyn jana'izar mahaifinta. Ta yi karatu, ta zaga duniya tana nazarin yadda al'ummu ke binne matattunsu. A jirgin ƙarƙashin ƙasa ta yi kiciɓis da Sylvia, wadda ta taɓa zama kamar 'yar'uwarta ta jini. Ba ta zauna sun yi hira ba. Jirgin na tsayawa ta sauka.