Inuwar Rai a Ma'aunin Imamu Gazali: Sharhi kan Ra'ayin Carl Jung

A shekarar 1951 masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung (1875–1961), mutumin ƙasar Suwizalan, ya wallafa littafinsa Aion, inda ya yi bayanin abin da ya kira inuwa: halayen da mutum yake ƙyama a tare da shi, sai ya danne su har ya mance da su, daga nan ya riƙa hango su a jikin wasu. A ganinsa mutum ba ya cika sai ya karɓi wannan ɓangare nasa. Tun da ra'ayin ya fara isowa ga ɗalibai ta intanet, ya cancanci a ɗora shi a ma'aunin malamai.

Batun ba baƙo ba ne ga ɗalibin zaure a Kiyawa ko Dutse. Tun a shafukan farko na Ahalari yake haɗuwa da girman kai da jiji da kai da riya da hassada a jerin abubuwan da aka haramta. Idan karatu ya yi nisa, zai iske Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (ya rasu 1817) ya keɓe babin ihsani na Ulumul Mu'amala ga tsarkake zuciya daga gare su. Sai dai hardace sunan cuta daban, gano ta a zuciya daban. Sau da yawa mai karatu yakan auna jerin da maƙwabcinsa, domin laifi tudu ne.

A nan Jung ya dace da gaskiya, amma an riga shi. Imamu Gazali (ya rasu 505 Hijira, 1111 Miladiyya), a littafin horon rai na Ihya'u Ulumiddin, ya kawo hanyoyi huɗu na sanin aibin kai: malami mai basira, da aboki mai gaskiya, da harshen maƙiyi, da cuɗanya da jama'a, ta yadda duk abin ƙi da mutum ya gani ga wani zai tuhumi ransa da shi. Haka kuma ya ƙi ra'ayin masu cewa a tumɓuke fushi da sha'awa, domin an halitta su da hikima. Ya misalta su da kare da dokin mafarauci, waɗanda amfaninsu yake ga horonsu.

Rauni yana cikin kalmar karɓa, wadda ta cakuɗa abu biyu: iƙirari da samuwar hali, da kuma yarda da shi. Na farko tilas ne, domin nadama, wadda ita ce sharaɗin tuba, ba ta samuwa ga wanda yake musun laifinsa. Na biyu kuwa Shari'a ce take yanke shi. Fushi yana iya zama jarunta idan ya horu, amma riya ba ta da wani matsakaicin da za a tsayar da ita a kai. Alƙur'ani ya ambaci rai mai umurni da mummuna a Suratu Yusuf, da mai zargi a Suratul Ƙiyama, da mai natsuwa a Suratul Fajri. Wannan tafiya ce mai alƙibla, kuma cikar da Jung yake nufi ba ta ayyana alƙibla ba.

Abin da ya rage wa malamai shi ne bambance rufin asiri da yaudarar kai. Sunna ta hana mutum tallata zunubinsa, kuma kunyar Bahaushe ta ƙarfafa hakan. Amma suturar da aka yi umurni da ita tsakanin mutum da jama'a take. Idan ta shiga tsakaninsa da ransa, hassada takan sa rigar kishin addini, ta hau mumbari.